Kaza A Kan Dami: Tarihin Tsakiya Da Duwatsun Wuya A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

A wannan makon za mu ɗan jingine labarin da ake kawo maku kashi-kashi, mu leƙa wani lungu na tarihi da marubutanmu suka cika tsallakewa. Duk mai karanta littattafan Hausa ya san yadda ake wassafa lefe: akwati kaza, leshi kaza, sarƙar gwal 'yar Dubai ko 'yar Saudiyya. To amma da wuya ka ci karo da marubucin da ya tsaya ya faɗi abin da kakar amaryar ta ɗaura a wuya ranar da aka kai ta ɗaki. Abin nan kuwa shi ne tsakiya, da murjani, da lantana, da sauran duwatsun wuya waɗanda har gobe akwai ragowarsu a ƙasan adudu da kwalla a gidajen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Abin da nake son in nuna a wannan maƙala shi ne, waɗannan 'yan duwatsu ana iya karanta su kamar yadda ake karanta tsohuwar wasiƙar ajami. Kowane ɗaya yana ɗauke da alamar garin da aka yi shi da zamanin da aka yi shi. Wanda ya iya karatun ya san abin da ke hannunsa. Wanda bai iya ba kuwa, shi ne kazar da Hausawa suka ce rashin sani ya sa ta kwana a kan dami da yunwa. Yau fiye da shekara 50 ke nan mutanen karkararmu suna rabuwa da wannan dami a farashin ƙaiƙayi.

Masu Tara Ƙwallon Gilashi

Bari in fara da wani abu da zai ba mai karatu dariya. A Amurka da Jamus da Ingila akwai manyan mutane masu furfura waɗanda ba abin da suke sha'awa irin tara 'yan ƙwallayen gilashin nan da yara ke wasa da su, waɗanda suke kira mabul. Mu nan da tsakuwa muka yi carafke da dara, kuma ba wanda ya taɓa tunanin adana tsakuwar. Su kuwa suna da ƙungiyoyi da littattafai da ranakun gwanjo, kuma ƙwallo ɗaya tak, in ya cika tsoho, irinsa ba yawa, ba shi kuma da tabo, ana iya sayen sa dubban daloli.

Tun da akwai kuɗi a ciki, dole a sami jabu, saboda haka suka mai da hankali wajen sanin yadda aka ƙera kowane iri. A tsakiyar ƙarni na 19, wani maƙerin gilashi mai suna Elias Greiner a garin Lauscha na ƙasar Jamus ya fito da wani almakashi da ake yanko ƙwallo da shi daga jikin sandar gilashi mai zafi. Duk ƙwallon da aka yanka ta haka yana da 'yar cibiya mai kaushi a sama da ƙasa, wato inda aka datse shi. A farkon ƙarni na 20 sai Martin Christensen ya ƙera injin mulmula ƙwallo a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, ya sami rajistar injin a 1905, kuma ƙwallon inji sumul yake fitowa, ba wannan cibiya. Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ɓarke a 1914 ya karya kasuwar Jamusawa, na Amurka suka maye gurbi, sannan a shekarun 1950 masu kama da idon kyanwa suka cika duniya daga Japan. Saboda haka mai tara mabul da ya ɗauki ƙwallo, cibiya yake fara nema, sannan ya duba launi, ya duba zaizayar wasa, ya kuma duba ko an goge shi da inji domin a ɓoye tabo.

Ga inda zancen ya shafe mu. A garin Idar-Oberstein, shi ma a Jamus, akwai masu wasa dutse da suke yin mabul da wani dutse mai zane-zane, kuma su ɗin dai su ne suka shafe fiye da shekara 100 suna yin tsakiya suna turowa Afirka. Dutse ɗaya ne, dutsen wasawa ɗaya ne. Wanda aka mulmula ya tafi aljihun yaron Bature, wanda aka huda ya zo wuyan kakanninmu. Jikan yaron Baturen ya rubuta littafi a kan nasa, mu kuwa namu yana ƙasan kwalla tare da tsofaffin makullai.

Kafin Zuwan Turawa

Kada mai karatu ya ɗauka Turawa ne suka koya mana ado da duwatsu. A Durɓi Ta Kusheyi, kusa da Mani a nan ƙasar Katsina, akwai manyan kusheyi na sarakunan da. Bature Palmer ya tona wasu a 1907 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, sannan a 1992 masana daga Jamus tare da hukumar kayan tarihi ta Nijeriya suka tona wasu. Abin da aka samu tare da mamatan ya haɗa da wuri, da mundayen hauren giwa, da kayan ado na zinari, da tasar ƙarfe ƙirar ƙasashen Gabas, da duwatsun gilashi da na jan dutse. Binciken ya nuna kusheyin sun faro tun wajen ƙarni na 13 ko na 14, har zuwa wajen na 16. An kai kayan birnin Mainz aka gyara su, daga baya aka dawo da su gida.

A kudu kuma, a Igbo-Ukwu cikin jihar Anambara ta yau, Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964, ya sami duwatsun ado sama da 165,000, na gilashi da na jan dutse, waɗanda suka kai shekara 1,000 a ƙasa. A Ile-Ife, a wani daji da ake kira Igbo Olokun, Dakta Abidemi Babalola ya tono duwatsun gilashi kusan 13,000 tare da kaskon narkawa, aka kuma tabbatar cewa a nan aka haɗa gilashin da ƙasar wurin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Ashe ke nan ba duk tsohon gilashi ne ya ƙetaro teku ko hamada ba.

Ita tsakiya ta asali, wato jan dutsen nan mai ɗan haske da Larabawa ke kira aƙiƙ, babbar mahaifarta ita ce garin Kambay a yankin Gujarat na Indiya, inda ake gasa dutsen a cikin tukwane har ya ƙara ja, a fasa, a wasa, a huda. Daga can take bi ta Bahar Maliya zuwa Jidda da Masar, mahajjata da fataken hamada su iso da ita ƙasar Hausa. Murjani kuma daga ƙarƙashin Bahar Rum ake samo shi, yana zuwa ta hannun mutanen Italiya da Larabawan Tarabulus da Gadamas. Lokacin da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Katsina da Kano a 1851, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa, a ciki har da takubban Solingen da duwatsun ado na birnin Benis.

To ina ruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wannan fatauci? Wannan yanki shi ne masana tarihi irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman suke kira Katsina Laka, ƙasa mai dausayi da duwatsu, mai tsofaffin garuruwa irin su Birnin Kogo da Pauwa da Maska, ga 'Yandoto garin malamai daga yamma. Ayarin da ya tashi daga birnin Katsina zai nufi ƙasar Nufe, ta wannan ƙasa yake ratsawa ya faɗa Birnin Gwari, wadda Sabuwa ke iyaka da ita. Saboda haka yankin yana samun kaya ta fuska biyu. Daga arewa murjani da tsakiya da gilashin Benis suke gangarowa. Daga kudu kuma ƙarau da duwatsun Bidda suke haurowa, aikin Masaga, maƙeran gilashin nan da ke cewa asalinsu daga Misira ne, waɗanda da can suke haɗa baƙin gilashinsu da yashi da kanwa kafin su koma narka kwalabe. Daga Ilori kuma lantana take zuwa, jan dutse mai duhu wanda fataken Hausa ke kai ɗanyensa daga gaɓar kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, Yarbawan Ilori su wasa shi su huda. Darajar wannan dutse ce ta sa har ake yi wa 'ya mace laƙabi da Lantana.

Zamanin Jirgin Ƙasa Da Auduga

Duk da wannan dogon tarihi, in ka zazzage adudun wata tsohuwa a 'Yankara ko Sheme, mafi yawan abin da za ka gani bai wuce shekara 80 zuwa 130 ba, kuma akwai dalili. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, aka gama a 1929. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce, Funtuwa ta zama cibiyar gurza da awo, kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka bazu a garuruwan da ke bakin dogo. Manomin da ya kai auduga fuloti ya karɓi tsabar kuɗi a hannu, kuma kowa ya san inda kuɗin kaka ke tafiya: haraji, sutura, sai aure. Ɗan koli ya sari duwatsu a kanti, ya bi kasuwannin ƙauye da su.

A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano abin da matan Afirka ke so, suna yin sa jibgi-jibgi. A tsibirin Murano na birnin Benis, kamfanoni da dama suka haɗe wuri ɗaya a 1898 domin wannan sana'a, suna turo masu zanen furanni da masu zanen tauraro. A Jablonec ta yankin Bohimiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau, ana zuba gilashi a cikin zubi a kwaikwayi tsakiya da murjani har da haƙorin zaki. A Briare ta Faransa ana danna wani gari a gasa shi ya fito kamar tangaran. Su kuma mutanen Idar-Oberstein, tun daga shekarun 1830 suka koma sayo ɗanyen dutse daga Burazil, suna rina shi ja, suna kwaikwayon siffofin Kambay. Wannan ambaliya ce ta durƙusar da sana'ar lantana a Ilori a farkon ƙarni na 20. Hatta jigida, wadda da can ake yi da ɓawon ƙwarar kwakwa, ta koma ta roba.

Saboda haka jabu ba yau ya fara ba. Gilashin Bohimiya da aka yi domin ya yi kama da tsakiya, a zamaninsa jabu ne, kuma tsofaffin matanmu sun san haka, shi ya sa suke bambanta tsakiya ta gaske da ta kwalba. Abin mamaki shi ne, wannan jabun na jiya yau ya tsufa ya zama kayan tarihi da kansa, har ana yi masa nasa jabun.

Lokacin Da Kaya Suka Juya

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970, samarin Amurka da Turai suka shiga yayin rataya tsofaffin duwatsun Afirka a wuya. Nan take kasuwa ta buɗe, kuma waɗanda suka riƙe ta su ne Hausawa, na Nijeriya da na Nijar, tare da wasu fataken Mali da Gambiya. Suna bin ƙauyuka suna tarawa, a shirya su a zaren kaba, a kai kasuwar Kurmi ta Kano, ko Legas, ko Akara da Abijan, daga nan sai Paris da New York. Wani masani mai suna Christopher Steiner ya zauna da irin waɗannan 'yan kasuwa a Abijan, ya fitar da littafinsa African Art in Transit a 1994, inda ya bayyana yadda kaya ke tashi daga ƙauye har ya isa kantin Bature, da yadda ake tsofar da sabon kaya da hayaƙi da ƙasa domin ya yi kama da na da. A farkon shekarun 1990 kuma an yi fim mai suna In and Out of Africa a kan wani Bahaushen Nijar, Gabai Baaré, wanda ke kai kayan sassaƙa Amurka.

Ni kaina na taso na ga ƙarshen wannan zamani. Ɗan koli zai zo a kan keke ranar da ba kasuwa, ya tsaya a ƙofar gida ya aika yaro: wai a gaya wa matan gida ana sayen tsofaffin duwatsu, ko a musanya da sababbi. Sai a fito masa da tsakiya da ta ga jikoki uku, ya ba da sarƙar roba mai ƙyalli da ƙaramin kwanon sha, kowa ya rabu da kowa yana murna. Ba na zargin ɗan kolin, domin shi ma ɗan abin da yake samu kaɗan ne in aka kwatanta da na ƙarshen layi. Amma ya fi matan da abu ɗaya, ya san wane dutse ake nema a Kurmi, su kuwa ba su sani ba. A lokacin kuma gwal ya shigo, zuwa Makka ta jirgin sama ya yawaita, yarinyar da ta sa tsakiya sai a ce mata 'yar ƙauye. Haka aka kwashe mafi kyawun abin da yankin ya tara cikin ƙarni da yawa, a 'yan shekaru kaɗan.

Yadda Ake Gane Na Gaske

Yanzu bari mu zo kan karatun kansa. Ka'idar farko ita ce wadda masu tara mabul suke bi: kafin ka tambayi shekarun abu, ka tambayi yadda aka yi shi. A dutsen wuya kuwa, huda ita ce cibiya, a nan asiri yake.

Da farko a raba dutse da gilashi da roba. Dutse ya fi sanyi in ka ɗora shi a kunci, kuma yana daɗewa bai ɗauki ɗumin jiki ba. Roba ba ta da nauyi, ba ta da sanyi. Gilashi in ka ɗaga shi a rana ko ka haska shi da tocilan sau da yawa za ka ga 'yan kumfa a ciki, abin da ba a samu a tsakiya ta gaske, wadda ita zane-zane take da su kamar gajimare. In ka ga wani siririn layi ya zagaye dutsen daga kai zuwa kai, to wannan bakin zubi ne, aikin Bohimiya ne ko makamancinsa.

In an tabbatar dutse ne, sai a leƙa hudar. Mutanen Kambay da hannu suke hudawa, daga wannan kai su zo rabi, su juya su huda daga ɗaya kan, saboda haka sau da yawa hudar ba ta haɗuwa daidai, in ka zura tsinke za ka ji ya ɗan turje a ciki. Gefunanta ma ba su cika daidaita ba. Ta Jamus kuwa ta fi santsi da ƙyalli, gefunanta a tsare, janta kusan iri ɗaya ne saboda rini. Dukansu na gaske ne, sai dai kowace da zamaninta da farashinta.

Sai zaizaya. Dutsen da ya yi shekaru a wuya, zare ya ci bakin hudarsa ya yi laushi, wani lokaci har ya yi ɗan kwari ta gefe ɗaya, kuma inda yake gogar maƙwabcinsa ya lafe. Tsufan gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya, yana bin inda jiki da zare suka taɓa. Wanda aka tsofar da gangan, ta hanyar birgima shi cikin yashi ko jiƙa shi a wani ruwa mai ci, za ka ga ko'ina ya dushe daidai wa daida, amma bakin hudar yana nan da kaifinsa.

Masu zanen tauraro na Benis ana ƙirga hawansu ne daga huda zuwa waje. Na farko-farko, na wajen ƙarshen ƙarni na 15 da cikin na 16, hawa 7 gare su, kuma kawunansu a fiƙe suke gefe-gefe. Na ƙarni na 19 da na 20 yawanci hawa 4 ne ko 6, kawunansu a mulmule. Masu zanen furanni kuma, tun shekarun 1980 ake kwaikwayon su a Indiya, kuma alamar da ta fi saurin tona su ita ce wani farin gari da ke maƙale a cikin hudar, ragowar farar ƙasar da ake shafa wa ƙarfen naɗi domin kada gilashi ya kama shi. Mutumin Ƙanƙara, inda ake haƙar farar ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan gari ba.

Murjani na gaske in ka ƙura masa ido za ka ga siraran layuka a tsaye kamar na jikin itace, kuma jansa har ciki ne. Akwai wani farin iri mai araha da ake rinawa ja, shi wannan in ka goga masa auduga da ruwan goge farce sai launi ya fito. Wasu suna ɗiga lemon tsami su ga ko zai yi kumfa, wasu suna soka wa dutse allura mai zafi su ji ko roba ce. Ban ba da shawarar waɗannan biyun ba, domin suna barin tabo, tabo kuwa yana rage daraja. Haka nan kada a kankare tsohon dutse da yashi ko a kai shi a goge da inji wai don ya yi kyau. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai saye na gaskiya wannan dauɗar ta shekaru yake nema.

Halin Da Ake Ciki

Abin da ya sa na ga wannan magana ba ta jira shi ne halin da yankin ya shiga. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya, aka sako 344 bayan kwana 6. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, waɗannan uku suna ciki. Mutumin da ya gudo da daddare, ko aka ce ya kawo kuɗin fansa, abin da ya rage a ƙullin zane shi zai sayar.

A cikin 2021 na ga irin wannan a wani gida a Funtuwa inda wasu 'yan gudun hijira daga ƙasar Faskari suka sauka. Wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da zare ɗaya, an riga an yi mata tayin kuɗin da bai wuce na tiya biyu ta masara ba. Allah Ya sa akwai wata tsohuwar dillaliya a unguwar, aka kira ta. Ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗorawa a kunci, tana zura tsinken tsintsiya, ta ware guda 5 gefe ta ce waɗannan tsakiya ce ta gaske, sauran kwalba ce amma tsohuwa, kada a bayar da su a kuɗin roba. Na ce da mai kayan, "Inna, a ina kika samo su?" Ta ce, "Ɗan nan, na kakata ne ta wajen uwa. Mijinta bafatake ne, daga Bidda ya zo mata da baƙaƙen nan, jajayen kuma uwarsa ce ta ba ta ranar da ta yi haihuwar fari." Ta sayar da na kwalbar da tsakiya 2 a kan kuɗin da ya ninka tayin farko sau da yawa, ta mayar da 3 bakin zane ta ce na jikarta ne.

Ba wanda zai ga laifin mai yunwa in ya sayar da gadonsa. Abin da nake roƙo shi ne a sayar da sani. Kafin a fitar da zare daga gida, a nuna wa mutum biyu ko uku da suka san kaya, kada a tsaya a tayin farko, kada kuma a yarda a yi kuɗinsa a dunƙule ba a ware ba. A ɗauki hotonsa da waya tun yana a zarensa na asali, domin yadda aka jera shi ma labari ne. Sannan a tambayi tsohuwar gida tun tana da rai: na wa ne, daga ina ya zo, a wane biki aka bayar? A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, a ajiye tare da hoton. Dutsen da aka san mai shi da hanyar da ya biyo ya fi wanda aka tsinta a tire daraja, ko a wurin masana ko a wurin masu saye.

Akwai kuma iyakar da bai kamata a ƙetare ba, wato tonon kufai da kusheyi. A shekarun 1990 an yi wa arewacin Nijeriya mummunar wawar gumakan yumɓu, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ta gargaɗi duniya kada a saya. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, ta hana tono ba da izini ba, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje ba da takarda ba. Ko ba doka, addininmu bai yarda da tone kabari ba. Da a ce ɓarayi ne suka riga masana isa Durɓi Ta Kusheyi, da duwatsun sun watse a kantunan Turai, da kuma ba wanda zai san cewa sarakunan Katsina na shekara 600 da suka wuce suna hulɗa da ƙasashen Gabas. Wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya yana noma ko yana haƙar farar ƙasa, ya bar su yadda suke, ya sanar da mai gari ko hakimi, a kai labari gidan tarihi na Katsina.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana marubuta, musamman mata, tun da ku kuka fi mu shiga ɗakunan tsofaffi. In an je gaisuwa ƙauye, a roƙi Gwaggo ko Iya ta buɗe adudu, a tambaye ta sunan kowane dutse yadda ta san shi, domin sunayen ma suna tafiya tare da masu su. Wanda ya samo wani suna ko wani labari daga garinsu, ya aiko mana, za mu sa a wannan fili da yardar Allah. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa. Mako mai zuwa za a ci gaba da labarinmu daga inda aka tsaya. Wassalam.